Mutumin Kujera ta Uku

Muna yara a Tawa, ƙarar jirgin sama kan raba mu da duk abin da muke yi. Ko ana tsakiyar langa, ko an aike ka kasuwa da kwano a hannu, da zarar gurnanin nan ya taso daga wajen Yamai sai ka ga yara sun nufi filin jirgi a guje. Jirgin Air Niger ne, samfurin DC-3 mai farfela biyu, wanda in ya tsaya yakan ɗaga hanci sama ya zauna bisa ƴar tayar wutsiya. A 1966 aka kafa kamfanin, shi ke haɗa Yamai da Tawa da Agadas da Maraɗi da Damagaram. Mukan tsaya inda aka yarje mana, mu zuba wa tagar gaba ido muna jiran mai farar riga ya leƙo. A wurinmu wannan mutum ya gama sanin duk abin da ake sani. Da wani ya ce mana akwai mai sa shi gaba yana jarraba shi kamar ɗan lakwal, sau biyu kowace shekara, har ya iya hana shi tashi, da mun ƙaryata shi.

Haka muka ga gwaninta a gida. Kawuna direban babbar mota ne, Barliye, a hanyar Tawa zuwa Agadas tun ba a shimfiɗa kwaltar yuraniyom ba. Shekara bakwai ya yi yana aparanti. Shi ke bin mota da waji in za ta hau tudu, shi ke shimfiɗa mata faranten ƙarfe in ta kafe a rairayi, shi ke kwana ƙarƙashinta yana gadin kaya. Wata asuba a Abalak maigidansa ya miƙa masa mabuɗi ya ce, “Hau ka kai mu.” Ya koma gefe ya ja rawani bisa fuska kamar mai barci, alhali kunnensa na kan kukan inji. Da suka sauka Agadas ya ce wa mutanen tasha, “Yaron nan ya zama direba.” Shi ke nan. Permi daga baya ya zo, takardar nuna wa jandarma ce. Abin da ya sa fatake suka ɗora masa geronsu da rayukansu shi ne shaidar maigidan, kuma shaidar nan ba ta tsufa. Haka maƙeri, haka magini, haka madugun ayari. Wanda aka ce ya iya, ya iya har kabari, tambayarsa ko har yanzu yana iyawa cin fuska ne.

Ni tuƙi bai zama rabona ba, a ƙasa abincina yake. Na yi karatun duba yanayi a Yamai, a EAMAC, makarantar da aka buɗe tun 1963, ta hukumar ASECNA, na dawo gida a farkon shekarun 1980 ina auna iska da zafi da nisan da ido ke kaiwa. Kana da alamomin da ka san nisansu, wancan tankin ruwa, wancan tudu, waccan bishiya. Wadda ka hango ita ce iyakar gani, ka rubuta ka aika. A watannin buda, lokacin da ƙura ke rufe Adar har rana ta koma kamar farin faranti, lambar da ka rubuta ita ke sa jirgi ya sauka ko ya wuce. Saboda haka matuƙa kan shigo ofishinmu kafin su tashi, har muka saba.

Akwai wani kwamanda mai furfura da nake jin daɗin zuwansa. Kullum da raha yake shigowa, ya tambayi iyali, ya tambayi inda ake samun cuku mai kyau na tsaraba. Wata safiya cikin buda suka shigo su uku maimakon biyu. Ranar babu raha. Ya tambaye ni nisan gani, ya sake tambaya, ya nemi yanayin filin da za su karkata in Agadas ta rufe, ya karanta wa mataimakinsa komai a fili, har ya tsaya ya ji ta bakinsa. Na ukun na tsaye bayansu da ƴar jakar takardu a hammata. A ido bai wuce ƙanen kwamandan ba, ƙanen ma na can baya. Ban da sallama bai ce uffan ba. Da suka fita na tambayi makaniken jirgin, “Wannan na ukun fa, baƙo ne?”

“Ai shi ne mai kwantarol,” in ji shi. “Yau kwamanda ne ɗan jarrabawa.”

“Wannan yaron?”

“Shi fa. In bai sa hannu ba, gobe tsohon nan fasinja ne.”

Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Gani na yi an wulaƙanta dattijo. Mutumin da ke sauka a Tawa tun ina bin jirgi da gudu, yau wani na zaune bayansa da alƙalami yana ƙirga masa kuskure? Na ɗauki shekaru kafin ra'ayina ya juya, sai da na san yadda ake zama wannan mutum da abin da ya sa aka yi kujerarsa.

Ƴar kujera ce mai naɗewa a ɗakin tuƙi, bayan kwamanda da ke hagu da mataimaki da ke dama. Mai zama kanta ranar jarrabawa shi ma kwamanda ne a kamfanin, sauran ranaku yana jigilar fasinja kamar kowa. Kamfani ke miƙa sunansa, amma hukumar ƙasa ke ba shi iko, ANAC a nan Nijar, NCAA a Najeriya. Albashinsa na hannun kamfani, hatiminsa na hukuma ne. In ya kayar da matuƙi, gidan da ke ciyar da shi ne zai rasa mai tuƙa jirgin gobe, ya kuma biya kuɗin sabon horo.

Da awa ake auna hanyar zuwa wurin. Kowane matuƙi na da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi. A ƙa'idojin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, awa 40 na ba mutum lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, awa 200 lasisin neman abinci da tuƙi. Babban lasisi, wanda sai da shi ake zama kwamandan jirgin fasinja mai matuƙa biyu, yana neman shekara 21 da haihuwa da awa 1,500, a ciki 100 na dare, 75 na tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba a ganin ƙasa. Ga likita kowace shekara, mai duba ido da kunne da zuciya. In an haura 60 sai duk wata shida, a 65 kuma mutum ya sauka daga jigilar fasinja tsakanin ƙasashe ko da lafiyarsa lau. Tun 2008 aka ƙara sharaɗin Ingilishi, aƙalla mataki na 4 cikin 6, wani tudu ga ƴaƴanmu da suka yi karatu da Faransanci. Kowane samfurin jirgi kuma da nasa izini: gwanin ATR ba ya taɓa Boeing 737 sai ya koma aji.

Duk wannan bai wuce zama kwamanda ba. Mai son kujera ta uku sai ya fara zama malami a kan samfurin jirgin. A dokar Tarayyar Turai ana neman awa 1,500 a jirage masu matuƙa biyu, 500 daga ciki yana kwamanda, da awa 50 yana koyarwa. Dokar ba ta barin matuƙi ya wuce awa 900 a shekara, don haka babu mai hanzarta wannan lissafi. Ana duba ko an taɓa hukunta shi a shekara uku da suka gabata. Yana yin kwas inda ake daidaita masu jarrabawa, don kada kowa ya riƙa awo da nasa mudu, sannan ya jarraba wani a gaban sufeton hukuma, wanda shi kuma mai jarrabawar yake kallo. Bayan duk wannan, izinin na shekara uku ne. In ya ƙare a sake zama bayansa. Shi kansa a matsayinsa na matuƙi ba a ɗauke masa jarrabawar da yake yi wa wasu ba.

Wani sharaɗi ya fi duk waɗannan lambobi taɓa ni. Dokar ta hana mutum jarraba wanda shi ya ba shi fiye da kashi 25 cikin ɗari na horon neman lasisin, ta kuma ce ya janye duk lokacin da ya ji adalcinsa na iya raunana, kamar in ɗan'uwa ne ko aboki ko wanda harkar kuɗi ta haɗa su. Maigidan kawuna shi ya koyar, shi ya jarraba, shi ya shaida, kuma mu a nan muka ga albarkar abin. Su kuwa a nan suka ga rauninsa, don malami na son ɗalibinsa, so kuma kan rufe ido. Sai dai cika wannan doka ya fi sauƙi a ƙasar da ke da dubban matuƙa. Inda masu tuƙa samfuri ɗaya ba su cika tabarma guda ba, yau ka jarraba shi, jibi kuna tare a sama, ran Juma'a kuna sahu ɗaya, wataƙila ma matanku ƙawayen biki ne. A irin wannan wuri kalmar “bai yi ba” tana da tsada.

Abin da na gani ranar nan jarrabawar kan hanya ce, jirgi cike da fasinja, mai kwantarol na kallo kawai. Mai wuyar ita ce ta sau biyu a shekara. A da cikin jirgi na gaske ake yin ta, a rage wa inji ɗaya wuta a sama, kuma matuƙa da yawa sun salwanta wurin koyon yadda ake tsira. Yanzu akwai similata, ɗakin tuƙi sak na jirgin, bisa ƙafafu shida masu motsi, tagoginsa na nuna duk filin da aka zaɓa. Sai an tafi irin su Tulus ko Adis Ababa ko Johannesburg ake samun sa. A rufe ƙofa kimanin awa huɗu. Mai jarrabawa na baya da allonsa, ya kashe inji daidai lokacin da jirgi ke shirin barin ƙasa, ya kunna ƙararrawar gobara, ya sauko da hazo har titi ya ɓace, wani lokaci ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu ya yi kamar ya suma. Ba a yarda tsayin jirgi ya kauce da fiye da ƙafa 100 ba, wato mita 30. Ana iya barin mutum ya maimaita abu sau ɗaya. In ya faɗi a fiye da abu biyar, ya sake jarrabawar daga farko.

Amma ba hannu kaɗai yake kallo ba, kuma da jini aka sayi wannan darasi. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu samfurin Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kwamandan jirgin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne shugaban masu horarwa a kan wannan samfuri a kamfaninsa, hotonsa ake sawa a talla, kuma shi ya jarraba mataimakin da ke damansa watanni kaɗan kafin ranar. Ya saki burki bai samu izinin tashi ba, ɗayan jirgin, na Pan Am, na kan titi cikin hazon. Injiniyan da ke bayansu ya tambaya ko wancan jirgi ya kauce, kwamanda ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, ba wanda ya ƙara magana. Mai jarraba mutane ne ya yi kuskuren, kwarjininsa kuma ya ɗaure bakin masu iya tsayar da shi. Daga farkon shekarun 1980 kamfanoni suka fara koyar da yadda ƴan ɗakin tuƙi ke magana da juna, har ya zama abin ba da maki: shin mataimaki ya buɗe baki da ya ga kuskure, shin kwamanda ya saurara? Sai a lokacin na gane abin da ya sa tsohon nan ya tsaya jin ta bakin mataimakinsa a ofishina.

Mu ma nan kusa mun ɗanɗana. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi yana tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ambaci tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan kuɓuta daga iskar da ke juyawa farat ɗaya, ya kuma ce na'urar da aka yi wa matuƙan horon wannan iska da ita ba ta dace ba. Na san iskar. Ita ce ke faɗowa daga cikin hadari ta tuge rumfunan kasuwa. Wanda bai gamu da ita a rufaffen ɗaki ba, ranar da ya gamu da ita a sama ba shi da lokacin tunani.

Mu mutanen kunya ne, kuma ba ni cikin masu cewa a zubar da ita. Ita ke riƙe da gidajenmu. Amma na daina cewa kujera ta uku baƙon abu ce, tun ranar da na lura da abin da muke yi sau biyar kullum. In liman ya yi rafkanwa, na bayansa kan ce Subhanallah, ko da jikansa ne, liman kuma ba ya fushi, sai ya gyara ya yi ƙabli ko ba'adi. A tarawihi akan tsayar da mahaddaci a bayansa don ya buɗa masa in aya ta kakare. Gwanayen Alƙur'ani kuwa sun san hadda na gudu, shi ya sa komai girman alaramma ba ya daina tilawa da karanta wa wani yana bi. Ke nan mun daɗe da sanin cewa gwani na iya mantuwa, kuma gyaransa ba raini ba ne. Abin da bai faru ba shi ne fito da wannan sani daga masallaci zuwa tasha da asibiti da ofis.

In ɗan lise ya tare ni yau ya ce, “Baba, ta ina zan bi?” nakan gaya masa gaskiya: lissafi da Ingilishi da lafiyar ido suna hannunsa, sauran ba a hannunsa suke ba. Akwai makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, ta fi mana Tulus kusa, amma kuɗinta ba na ɗan manomin gero ba ne. Akwai ƙofar soja, wadda Ouma Laouali ta bi ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar Nijar a 2015, har ta kai ga tuƙa jirgin C-130 a 2020. Babbar matsala ita ce awa, don ba a tara ta a ƙasa. Air Niger ya tsaya a 1993. Air Afrique, wanda ƙasashe 11 har da Nijar suka kafa a Yawunde a 1961, ya durƙushe a 2002. Duk shekarar da ba a ɗauki mataimaki ba, bayan shekara goma an rasa kwamanda, bayan sha biyar an rasa mai jarrabawa, sai a yi hayar sa hannun baƙo. A 2017 an yi wa garinmu kwalliyar Tawa Sakola cikin ɗan lokaci, tituna da gine-gine suka tashi muna gani. Mai zama kujera ta uku ba ya tashi haka, ko da kuɗi na zube.

Kawuna ya yi tuƙi har yana ta fara rufe masa ido. Da rana yana lallaɓawa. Da dare aparantinsa ke zama masa ido, yana raɗa masa, “Maigida, raƙumi. Maigida, kwana.” Haka suka yi kusan shekara biyu. Wani dare kusa da Tabalak, a lokacin an riga an shimfiɗa kwalta, motar ta sauka daga hanya ta kwanta. Ba a rasa rai ba, amma wani fasinja da ke bisa kaya ya karye a ƙugu, bai ƙara tafiya daidai ba. Kawu bai sake hawa mota ba har ya rasu.

Bayan shekaru na gamu da aparantin a tashar Tawa, shi ma furfura ta fito masa. Muka gaisa, muka yi wa kawu addu'a, sannan na tambaye shi ko ya san maigidansa ba ya gani.

“Na sani, malam. Duk tasha an sani.”

“Me ya hana ka faɗa?”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. “Da wane baki? Shi ya koya mini riƙon waji.”

Ban ce masa komai ba. A shekarun nan biyu, in kawu ya dawo daga tafiya, ni yake kira in karanta masa takardun kaya, ya ce tabaransa ya manta a mota. Na san ba shi da tabarau. Kuma a lokacin na riga na ga mutumin kujera ta uku da idona.